Tambaya da Amsa: Ko in Bar Windows in Koma Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Jekadafari, cikin garin Gombe, da kwamfutoci uku na hannu, dukkansu a kan Windows 10. Na ji an ce Microsoft ya daina kula da ita, ga shi kuma injinan sun ƙi karɓar Windows 11. Ƙanena ya ba ni shawarar in koma Linux. Anya hakan ba zai tsayar mini da sana'a ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, domin tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutocin za su ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta, kuma shago irin naka, inda kowane ɗalibi ke zuwa da filashinsa, nan ne cutar kwamfuta ta fi samun ƙofa. Ƙin karɓar Windows 11 kuwa, galibi rashin na'urar tsaro ta TPM 2.0 ne ko tsufan furosesa.

Ƙanenka bai yi kuskure ba. Linux Mint 22, wani nau'in Linux da ake girkawa a madadin Windows, kyauta ce, fuskarta ta yi kama da wadda ka saba, kuma za a kula da ita har 2029. Sai dai kafin ka yanke shawara, duba manhajojin da kake cin abinci da su. LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Mint, tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci takan karkatar da jadawali da lambobin shafi, wanda ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga ɗalibin da zai miƙa kundinsa gobe. Manhajar zane ta CorelDRAW kuwa ba ta da sigar Linux a yanzu, kuma koyon Inkscape a madadinta yana cin lokaci.

Da ni ne, zan bar kwamfuta ɗaya a kan Windows domin zanen katin biki da kalanda, in raba ta da intanet, in kuma hana sa mata filashin kowa. Sauran biyun, ka fara kunna Mint daga filashi ba tare da ka girka ta ba, ka gwada firinta da sikana, ka kuma zaɓi madannan Hausa ka ga ko ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai. Idan komai ya tafi lafiya, ka kwashe takardun kwastomomi zuwa wani faifai tukuna, sannan ka girka a guda ɗaya, yaran shago su yi mako biyu suna sabawa kafin ka taɓa ɗayar.