Jagora, agola da zanen dutse: amsoshin wannan mako

Tambaya ta farko daga wani bawan Allah ce a Agege. Ya ce a matsayin agola ya tashi a wani ƙauye a ƙasar Katsina, yana shan duka safe da yamma, har ya gudo Ikko yana yaro. Ya yi dako a kasuwar Mile 12, ya faɗa shan kodin, Allah ya tsamo shi, ya koma acaɓa har gwamnatin Legas ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Yanzu yana tara samari bayan la'asar yana taimaka musu su bar shaye-shaye su kama sana'a. Yana so ya buga kati, bai san sunan da zai sa wa aikin ba: koci, mai horarwa, ko me? Sannan wani dattijo a unguwarsu ya ce masa ya daina wahalar da kansa, hali zanen dutse ne.

Malam, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa. Koci dai ka bar wa 'yan ƙwallo. Duk Bahaushen da ya ga kalmar a katinka zai tambaye ka wane kulob. Mai horarwa Hausa ce tsantsa, gidajen rediyo ma da ita suke amfani, amma ka saurari abin da ke cikinta. Horo a bakinmu yana tafe da bulala. Ana horar da doki kafin a hau shi, uba yana horon ɗansa in ya yi laifi, alƙali ma horo yake yankewa. Yaron da ya gudu daga gida saboda dorina, in ka ce masa zo in hore ka, ka riga ka kore shi. (Akwai wani hore na daban mai daɗin ji, wanda ke cikin "Allah ya hore maka abin hannu", amma ba shi kunne zai fara kamawa ba.) Mai nasiha kuma na kan mumbari ne, yana faɗa ana saurare, a shafa fatiha a watse. Kai kuwa, yadda ka bayyana, kana raka yaro wurin mai gyaran janareto ka roƙa a karɓe shi, ka koma bayan mako ka ga ko yana zuwa.

Ni jagora na zaɓa maka. Kalmomi biyu ne suka haɗe, ja da gora, gorar nan ta sanda, ba goran ruwa ba. Je ka bakin masallaci ranar Juma'a a Agege ko Ebute Metta ka duba. Yaro yana gaba riƙe da kan sanda, makaho yana baya riƙe da gindinta. In sun zo bakin kwata yaron yakan ɗan tsaya ya ɗaga sandar, makahon ya ji a hannunsa ya ɗaga ƙafa. Yaron bai ɗauke shi ba, bai tura shi ba, kowa da ƙafarsa yake tafiya. Daga nan kalmar ta yaɗu har ta kai ga jagoran tafiya da jagoran jam'iyya. Ka rubuta "jagoran gyaran hali", ko "jagoran matasa" in kana jin na farkon ya yi maka girma.

Sai maganar dattijo. Karin maganar gaskiya ce, kuma tsohuwa: hali zanen dutse, ba mai kankare shi. Tana da 'yan'uwa, irin su mai hali ba ya fasa halinsa, da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a lura da lokacin da Bahaushe yake jefa ta. Ba ya faɗa wa jariri ran suna. Yana faɗa ne bayan an yafe wa mutum, an sake yafe masa, ya koma ruwa. Magana ce ta wanda ya gaji, kuma ta gargaɗi ga wanda zai ba da amana. Mutanen da suka yi ta su ne dai suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato sun yarda hannun mai reno yana sauya mutum. Su ne kuma suka ce yau da gobe ba ta bar komai ba. Karin magana ba aya ba ce, kowace da wurin da take aiki, kuma mai hikima yakan san wadda zai ɗauko.

Ita kanta kalmar hali daga Larabci muka aro ta, inda take nufin yanayin da abu yake ciki, daga tushen da ke ɗauke da ma'anar juyawa. Wannan ma'anar tana nan da ranta a Hausa: halin da ake ciki, ba ni da hali, mai hali wato mai abin hannu. Ba na cewa asalin kalma shi ke yanke hukunci a kan ma'anarta ta yau, masu yin haka sukan yi ɓaranɓarama. Abin da nake so ka rarrabe shi ne, yaron da yake kwana a ƙarƙashin gada a Oshodi yana ɗauke wayar mutane, wane hali ne a tare da shi? Na zuciya, ko wanda ya tsinci kansa a ciki? Sau da yawa na biyun ne mutane suke gani su kira shi na farko. Abin da dattijon yake tsoro kuma yana da suna, tuban muzuru, ana tuba kaza tana baki. Kada ka yi musu da shi a kan wannan, don za ka gamu da irinsu a cikin yaranka, wataƙila ma ka riga ka gamu. In kana son hujja da ta fi karin magana nauyi, aya ta 11 a Suratur Ra'ad ta ce Allah ba ya canza abin da ke ga mutane sai sun canza abin da ke cikin zukatansu.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce ƙanwarta ta tashi a gidan da ba a zaman lafiya, amma ta zama mai sasanta ma'aurata. Ko za ta iya yabonta da "albasa ba ta yi halin ruwa ba"?

A'a Hajiya, kada ki yi, za ki zage ta ne ba ki sani ba. Ruwa shi ne mai tsabta, albasar da ta sha shi ita ce mai wari da yaji. Ana faɗa ne ga ɗan mutanen kirki da ya lalace. Ki ce ta fita zakka a gidan, ko da yake wannan ma ana yin ta ta kowane ɓangare, sai ki haɗa da sa albarka don a san inda kika dosa.

Wani ɗalibi daga Obalende kuma yana son bambancin agola, ɗan riƙo da maraya. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji. Ɗan riƙo iyayensa na iya kasancewa da rai, an dai ba wa gwaggo ko kawu ne ya rene shi. Maraya a shari'a shi ne wanda uba ya rasu kafin ya balaga, sai dai Hausawa suna kiran wanda ya rasa uwa ma da haka, har sukan fi tausaya masa. Cikin ukun, agola ce kaɗai ta zama abin gori a bakin mutane, kuma ban ga dalili ba. Umar ɗan Abu Salama a gidan Annabi (SAW) ya tashi bayan an auri mahaifiyarsa Ummu Salama, kuma shi ne yaron da aka koya wa ya yi bisimilla, ya ci da hannun dama, ya ci abin da ke gabansa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.