Zumar da ta daskare a kwalba

Tambaya: Maigidana ya dawo daga kudu da kwalbar ɗanyar zuma da ya saya a shagon wani gidan sufayen Kirista masu kiwon ƙudan zuma, ga shi ta daskare kamar man shanu. Shin an haɗa ta da sukari ne, kuma zan iya lasa wa jaririyata? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin daskarewa ba shaidar algus ba ce. Zumar da ba a ɗora a wuta ba takan daskare saboda sukarin da ke jikinta tun asali, musamman lokacin hunturu. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi har ta narke, kada ki tafasa ta. Alamar lalacewa ita ce kumfa mai yawa da warin tsami, wanda ke nuna ruwan cikinta ya yi yawa.

Batun jaririya kuwa, ina roƙonki da ki dakata. Likitoci sun hana ba yaron da bai cika wata 12 ba zuma kowace iri, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagare shi.