Ɗana, ga amsar tambayarka a kan komawa bita

Ɗana, saƙonka ya iso a wannan wata na Maris 2021, kuma na karanta shi sau biyu kafin na ɗauki alƙalami. Ka ce bayan kullen cutar korona an buɗe kasuwanni, an buɗe masallatai, yara sun koma makaranta, har wasu makaɗan sun koma bita a ɗakunansu, amma mu zaurenmu yana nan a garƙame. Ka tambaya ko ba za mu sayo man goge hannu mu shafe ganguna da algaitu mu ci gaba kamar da ba, tunda azumi ya ƙarato kuma sallah na biye da shi. Ka ce leɓenka ya fara mutuwa, kumatunka ba sa riƙe iska kamar bara.

Na ji ka, kuma ban ga laifinka ba. Za mu koma bita, in Allah ya yarda, a wannan makon ma. Amma ba a zaure ba, kuma ba yadda muka saba ba. Bari in gaya maka dalili, don wata rana kai ne za ka riƙe ƙungiya, rayukan mutane na hannunka.

Ka tuna abin da na fara koya maka ranar da mahaifinka ya kawo ka? Ban ba ka algaita ba. Na ba ka tsinken kara da moɗar ruwa, na ce ka yi ta hura kumfa ba tare da ta yanke ba, kana tara iska a kumatu kana shaƙar wata ta hanci. Wata uku ka yi a kan wannan. Abin da muke sayarwa ke nan, numfashi. Mai kalangu hannunsa ne jarinsa, amma mabushi da mawaƙi da 'yan amshi da sanƙira duk da iskar ƙirjinsu suke ci. Ita kuwa wannan cuta ta korona a kan numfashi take hawa. Ba tari da atishawa kaɗai ba. Duk lokacin da mutum ya yi magana da ƙarfi, ko ya rera, ko ya busa, akwai ɗan feshi mai laushi da ke fita daga bakinsa wanda ido ba ya gani, kuma ba ya faɗuwa ƙasa nan take. Yawo yake yi a ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta. Ka san in aka sa turare a zaurenmu bayan la'asar, har bayan isha'i kana jin ƙanshinsa. To haka numfashin mutum 11 yake taruwa a wurin, ƙofa ɗaya, ga 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Akwai wani labari da ƙanena, wanda yake aikin asibiti, ya karanto mini tun bara, kuma shi ne ya sa na kulle zauren da hannuna. A ranar 10 ga Maris 2020, wata ƙungiyar mawaƙa a yankin Skagit da ke jihar Washinton ta Amurka ta taru don bita. Su 61 ne. Sun ajiye man goge hannu a bakin ƙofa, sun daina musabaha da rungumar juna, wato sun yi duk abin da kake cewa mu yi. Suka rera waƙa na awa biyu da rabi a ɗaki ɗaya. Mutum ɗaya ne a cikinsu ke jin kamar mura. Bayan 'yan kwanaki mutum 53 suka kwanta, 2 suka rasu. Yawancinsu dattawa ne. Da na ji haka sai na ƙirga namu dattawan: ni, da babban mai gangarmu da ke fama da ciwon suga, da sanƙiranmu da ya haura saba'in kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Hannayen waɗancan mutanen a wanke suke, iskar ɗakin ce ta cinye su.

Mu a Kano ba sai an ba mu labarin Amurka ba ma. An samu mutum na farko a nan ranar 11 ga Afrilun 2020, aka shiga kulle, sannan muka ga yadda aka yi ta kai dattawa makwanci a ƙarshen watan, malamai da attajirai da masu sarauta, har masu haƙar kabari suka gaji. Aka soke hawan sallah, ƙarama da babba. Ni tun ina yaro ban taɓa ganin ranar hawan daushe ta zo algaitata na rataye a bango ba sai bara. Na zauna a tsakar gida ina jin garin shiru, hawaye na zubo mini. Don haka kada ka zaci ban damu da komawa ba. Na fi ka ƙosawa.

Yanzu ga yadda za mu yi. Bita ta koma gindin darbejiyar nan ta filin bayan gidana. Dama algaita ba kayan ɗaki ba ce, an yi ta ne don fili da gaban doki, kunya da maƙwabta ne suka tura mu zaure. Na riga na zaga na roƙi maƙwabta, sun amince daga bayan la'asar zuwa kafin magariba. A fili iska tana kwashe numfashi kafin ya taru. Da ka iso, ka ɗebi ƙasa kaɗan ka sake ta, ka ga inda iska ta nufa. Masu busa da sanƙira su tsaya a can ƙarshen, bakin algaita ya bi iskar ya fita fili, kada ya fuskanci kowa. Dattawa su zauna ta inda iskar ke fitowa. Zaman da'ira da muka saba, kowa na kallon fuskar ɗan'uwansa, mun ajiye shi tukuna. Sahu za mu yi, kowa ya fuskanci waje guda, tsakanin mutum da mutum a bar kamar mita 2, tsakanin masu busa da sauran a ƙara.

Ka ce ai algaita ƙarama ce, me za ta fesa? Ni ma haka na zata. Masu bincike a Jami'ar Minesota sun gwada kayan busa iri 10 tare da makaɗan babbar ƙungiyar kiɗa ta jihar, suka auna feshin da ke fita daga kowanne. Abin mamaki, ƙaton ƙahon nan na badujala mai naɗe-naɗe, wanda ake kira tuba, shi ya fi ƙarancin feshi. Waɗanda suka fi fesawa akwai ƙaramin ƙahon soja, akwai kuma obo, wato algaitar Turawa, mai ɗan kara a baki kamar tamu, wadda ita ma sai an matse iska da ƙarfi take kuka. Ba su gwada tamu ba, amma wanda ya san busa ya san 'yan uwan juna ne, kuma tamu ba a tsayawa shan iska a cikinta, busa ɗaya sai ta yi minti da yawa ba ta yanke ba. Wasu masanan kuma a jami'o'in Kolorado da Merilan, da suka yi wa makarantun kiɗa irin wannan aikin, sun ba da shawarar a rufe bakin abin busa da ƙyalle, kuma kada bita ta wuce minti 30 ba a tashi an bar iska ta sauya ba. Na gwada ƙyallen. Na yanko farin yadi mai ƙarfi ninki biyu, na ɗaure shi a bakin algaita da roba. Murya tana ɗan dusashewa, zaƙin saman nan yana raguwa, kuma sai ka ƙara ɗan ƙarfi. Amma take yana fita, yatsu suna koyon abin da za su koya. Ramukan yatsu suna nan a buɗe, don haka ƙyalle ragewa yake yi, ba ya hana komai fita, shi ya sa tazarar ba za ta tafi ba.

Sai maganar da ta fi yi mini ciwo, maganar kara. Ka san al'adarmu. In yaro ya kasa sa karansa ya yi kuka, maigida yakan karɓa ya sa a bakinsa, ya jiƙa shi da yawu, ya ɗan latsa shi da haƙori har ya yi laushi, ya busa sau biyu, sannan ya mayar wa yaron. Haka maigidana ya yi mini, haka na yi maka sau ba adadi, kuma a wurina wannan yana cikin abubuwan da ke haɗa uba da ɗa a sana'ar nan. Daga yau na daina, har sai Allah ya yaye. Karanka naka ne, ɗan faifan da ke tokare leɓe naka ne, bututun ƙarfen ma naka ne. Ka samo ɗan gwangwani ka riƙa jiƙa karanka a ruwa mai tsabta. In ya ƙi, zan nuna maka da nawa daga inda nake tsaye, kai kuma ka gyara naka da hannunka. Za ka ɓata kara biyar ko shida kafin ka gane. Ba komai, dama lokaci ya yi da za ka iya fiƙe kara da kanka, na daɗe ina jinkirta maka wannan.

Ruwan da ke taruwa a cikin algaita bayan an daɗe ana busa, wanda muke karkaɗewa a ƙasa ko mu goge a gefen riga, a riƙa zubar da shi a tsumma, kowa da nasa, ya tafi da shi gida ya wanke. Moɗar randa guda da muke zagayawa da ita, da goron da ake ɓantara da haƙori a miƙa wa na kusa, duk a dakata. Kowa ya zo da gorar ruwansa.

Man goge hannun da ka ambata, ka saya, amma na hannu ne. Kada ka kuskura ka shafa shi a fatar ganga ko ta kalangu. Yana busar da fata, ta yi tauri, ta tsage, kuma fatar da aka naɗe jikin algaita da ita ma haka za ta yi. Ƙarfen baki a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya. Ganga kuwa kowa ya riƙe tasa da makaɗinsa, shi ke nan. Masu kiɗa duk za su sa takunkumi tunda hannu ne ke aiki, 'yan amshi ma su yi amshi da shi a fuska. Na san za su yi ƙorafin zafi, ga bazara ta shigo. Su yi haƙuri, minti 30 ne, sai a tashi a watse a sha iska, a dawo a yi wasu 30 ɗin a rufe. Mabushi da zarar ya sauke algaita ya mayar da nasa.

In gaya maka gaskiya, ranar farko kiɗan ba zai yi daɗi ba. A zaure muna jin juna a jiki, bango yana dawo mana da sauti, kana jin numfashin na kusa da kai ka san inda zai shiga. A fili, ga tazara, sauti zai watse, mai kalangu zai riƙa zuwa a makare, 'yan amshi za su shigo baya-baya. Kada ka biye wa kunnenka kaɗai. Ka sa ido a kan hannun babban mai ganga, in makaɗinsa ya sauka kai ma ka sauka. A hawan sallah ma ai haka ne, ga dawaki, ga 'yan baka da 'yan bindiga, ga ƙura, ba mai jin wani sosai, ido ne ke riƙe kiɗa. Wannan bitar ta fi ta zaure kusa da ainihin aikin.

Saura abu guda, kuma shi ne na fi tsoro fiye da iska da kara. Talauci yana sa mutum ya ɓoye ciwo. Shekara guda ba biki, ba naɗin sarauta, ba hawa, kowa aljihunsa ya bushe. Na san in an samu gayyata, wanda ya tashi da zazzaɓi zai haɗiyi magani ya ce na cizon sauro ne, ya lallaɓo, don kada rabonsa ya wuce shi. Mutum ɗaya irin wannan ya isa, ka ji yadda ta kasance da mawaƙan can. Don haka na yanke hukunci, kuma zan faɗa a gaban kowa: duk wanda ya ji zazzaɓi, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, ko akwai mai irin wannan a gidansa, ya zauna mako biyu, ya je a gwada shi in da hali, kuma kasonsa yana nan cif kamar ya zo. In kuɗin bai kai ba, daga nawa za a cire. Ba na son kowa ya zaɓa tsakanin tuwon 'ya'yansa da ran sanƙiranmu. Ita cutar tana iya fita daga jikin mutum tun kafin shi kansa ya ji alama, shi ya sa ko kowa ya zo garau, fili da tazara da takunkumi suna nan.

Wani daga cikinmu ya ce mini ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah suke gudu. Da wannan na amsa masa, bai ƙara cewa komai ba.

Allurar rigakafi ta sauka a Abuja ranar 2 ga wannan watan na Maris 2021, kusan miliyan 4, an fara da ma'aikatan lafiya. Na san abin da ke sa mutanenmu ɗari-ɗari tun gwajin maganin sanƙarau na 1996, ban raina tsoronsu ba. Amma ƙanena an yi masa, yana nan lafiya yana aikinsa, kuma in layi ya zo kan masu shekaruna zan miƙa hannu, zan kuma ja dattawan nan biyu mu tafi tare. Sau biyu ake yin ta. Sai an gama wannan, kuma ciwon ya lafa a gari, sannan zan fara tunanin mabuɗin zaure.

Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar. Ka taho da kara uku, da gwangwaninka, da tsumma, da gorar ruwa, da takunkumi. Ka biya ta kasuwa ka yanko farin yadi rabin kamu da roba, zan nuna maka ɗaurin. Kafin nan ka koma wa tsinke da moɗar ruwa safe da yamma, kumatun za su dawo. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina tambayar ƙafarsa.