Amsa ga mai tambaya kan tsadar haya da rashin barci

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce tun da aka ƙara maka kuɗin haya barci ya ƙaurace maka, abu kaɗan sai ka hau iyalinka da faɗa, ƙirjinka kuma kamar an ɗora masa dutse, kana son sanin ko wannan ciwo ne ko kuwa raunin zuciya ne kawai. Na ga wasu sun ce maka ka yi haƙuri, kowa ma haka yake fama. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai amsa tambayarka ba. Ni na bi ta wannan hanyar, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a babban birni, na tashi sau biyar, kuma sau ɗaya ne kawai na tashi don raɗin kaina. Sauran duk ko dai an yi ƙarin da ba zan iya ba, ko an sayar da gidan, ko mai gidan ya aiko da notis. Na daɗe ina ɗauka yawan kuɗin ne ke cina. Sai daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Akwai shekarar da na zauna a gida mai tsada sosai amma ina barci lafiya, saboda na san ba mai tayar da ni nan kusa. Akwai kuma shekarar da hayar ke da sauƙi, amma kullum dillali na kawo masu saye suna leƙa ɗakunanmu, a wannan shekarar ce na rame. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da bai san inda zai kwantar da 'ya'yansa baɗi ba, zuciyarsa ba ta sauka, ko da yau ya biya.

Yadda abin yake aiki a jiki ba wani ɓoyayyen abu ba ne. In mutum ya hango haɗari, jikinsa kan saki sinadaran da ke shirya shi don gudu ko kare kai, irin su adirenalin da kotizol: zuciya ta ƙara bugawa, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu. An yi su ne don haɗarin da zai zo ya wuce. To kuɗin haya ba ya wucewa. Ka biya na yanzu, na gaba ya riga ya tsaya a bakin ƙofa. Jiki sai ya zauna cikin shirin yaƙi wata da watanni, daga nan kuma ake samun rashin barci, ciwon kai, saurin fushi, mantuwa, wasu har hawan jini. Ni ƙarfe uku na dare nake farkawa, ba ƙarar komai, in kama lissafi a kai, lissafin da na riga na yi shi sau ɗari kuma na san amsarsa.

Wannan lissafin da ba ya ƙarewa ma an yi bincike a kansa. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi, lokacin da hannunsu ya bushe, da kuma bayan girbi da kuɗi ya shigo. Mutanen nan su ne dai ba su canza ba, amma sun fi yin ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Damuwar kuɗi tana cinye wani kaso na hankalin mutum. Da na ji wannan sai na fahimci dalilin da ya sa a wancan lokacin nake ta kurakurai a wurin aiki, har shugabana ya fara yi mini kallon malalaci.

Ka ce hayar ta kusa cinye rabin albashinka. A Amurka akwai ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: duk gidan da ke kashe sama da kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu a kan muhalli, ana lissafa shi cikin waɗanda nauyi ya danne, wanda ya haura kashi 50 kuma nauyinsa ya yi tsanani. Asalinsa doka ce ta 1969 da ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na abin da mai haya ke samu, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Yau kusan rabin masu haya a ƙasar sun haura wannan layin. Na kawo maka wannan ne don ka daina ganin kamar kai ne ba ka iya tattali ba. Idan farashin gidaje yana gudu albashi yana rarrafe, ba dabarar da za ta haɗa su.

Kuskuren da na yi, wanda nake so ka yi tunani kafin ka maimaita shi, shi ne gudu zuwa can bayan gari don neman sauƙi. A takarda na yi riba. A zahiri sai na koma ina kashe kusan awa huɗu a hanya kullum, in fita yara na barci, in dawo sun yi barci. Kuɗin mota ya cinye rabin abin da na rage. Abin da ya fi ciwo shi ne na rabu da maƙwabtan da suka san ni, waɗanda in matata ba ta da lafiya akwai wanda zai riƙe mana yara. Babbar 'yata ta canza makaranta sau uku, a na ukun ta daina yin ƙawaye, ta ce mini ai za mu sake tashi. Wannan maganar har yau tana zuciyata. Duk tashin da aka yi, ba kaya kaɗai ake kwashewa ba, ana tsinke igiyoyin da ke riƙe da mutum.

Da muka gaji da hanya muka dawo cikin gari muka matse a ɗaki ƙarami, nan kuma wata matsalar ta fito. Ba inda mutum zai keɓe ya huce. Ƙaramar magana tsakanina da matata sai ta zama rigima, don ba wanda ke da inda zai je na minti goma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018 kan muhalli da lafiya, ta sa cunkoso a gida cikin abubuwan da ta ce a rage, kuma ba cututtuka masu yaɗuwa kaɗai aka duba ba, har da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kam mun sani tun kafin su rubuta.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa kwanciyar hankali daga tabbacin matsuguni take farawa shi ne tsarin nan na "gida tukuna". Wani masanin halayyar ɗan'adam, Sam Tsemberis, ya fara shi a birnin Niyok na Amurka a 1992. A da ana ce wa marasa matsuguni masu taɓin hankali sai sun warke kafin a ba su gida. Shi ya juya abin: a ba su mabuɗi tukuna, magani ya biyo baya, kuma mafi yawansu suka riƙe gidajen. Ƙasar Finlan ta ɗauki tsarin a matakin ƙasa a 2008, adadin marasa matsuguni a can ya ragu ƙwarai cikin shekarun da suka biyo baya. A Biyana, babban birnin Ostiriya, kusan rabin mazauna suna zaune ne a gidajen hukumar birni ko masu tallafi, galibi da yarjejeniyar da ba ta da ranar ƙarewa. Abin da muke sha a birane da yawa zaɓi ne na masu tsara manufofi, kuma ina jin zafin yadda ake barin talaka yana zargin kansa a kai.

Amma kai yau kake buƙatar barci, ba sai an gyara manufofi ba. Abin da ya fara sauƙaƙa mini shi ne ranar da na zaunar da matata na nuna mata lissafin gaba ɗaya. Wata takwas ina ɓoye mata, ina ganin kamar ina kare ta ne, ashe ita tana zaton wani abu daban ne ya sa na canza mata. Rubuta lissafin a takarda ma ya taimaka, don abin da ke kan takarda yana da iyaka, wanda ke cikin kai ba shi da ita. Sannan na daina jiran notis. Na je wurin mai gidan watanni kafin yarjejeniya ta ƙare, na roƙi a rubuta mana ta shekara biyu da ƙarin da aka amince da shi tun farko. Gidan bai kai wanda nake so ba, amma a makon da muka sa hannu na fara kaiwa asuba ban farka ba. Ka kuma nemi sanin abin da dokar inda kake ta ce kan wa'adin notis da ƙarin haya, don da yawa daga cikinmu muna tashi a kan barazanar da ba ta da tushe a doka.

Maganar likita kuwa, kada ka jinkirta kamar yadda na yi. Idan ya kai mako biyu kana cikin ƙunci kusan kullum, abubuwan da kake jin daɗinsu sun fita daga ranka, ci da barci sun rikice, to wannan ya isa a duba ko ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Nauyin ƙirjin da ka ambata ma a auna maka jini a duba zuciya, kada a ɗora komai a kan tunani. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, ko sau ɗaya ne, ka faɗa wa wani na kusa da kai yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare. Likita bai rage mini ko kaɗan daga hayar ba, amma ya dawo mini da barci, da barcin ne kuma na samu natsuwar zuwa in yi magana da mai gida ba tare da murya ta rawa ba.

Ka faɗa mana wata nawa ya rage yarjejeniyarka ta ƙare, da kuma ko iyalinka sun san halin da ake ciki. Daga nan za mu san ta inda za ka fara. Allah Ya yaye maka, Ya ba ka lafiya.