Nawa zan kashe in tsallakar da motata a jirgin fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sifaniya, kuma ina so in tsallaka da motata da iyalina daga Aljesiras zuwa Tanja ta ƙasar Maroko a watan Agusta. Kuɗin hannuna a ƙididdige suke. Wani da ya ce ya san kan hanyar ya gaya mini tikitin jirgi ne kaɗai abin biya, in ma kuɗi suka ƙare mini a can sai in sayar da motar mu dawo ta jirgin sama. Hankalina dai bai kwanta ba. Me ya kamata in tanada?

AMSA: Wa alaikumus salam. Gara da ka tambaya kafin ka hau hanya, Malam, domin shawarar nan da aka ba ka tana iya raba ka da motar baki ɗaya.

Bari mu sallami maganar tikiti tukuna, don ita ce mai sauƙi. Kamfanin jirgi wuri yake sayar maka a cikin jirgi, saboda haka tsawon motarka da tsayinta yake duba, sannan ya ƙara kuɗin kowane mutum. Kayan da ka ɗaure a saman mota suna cikin awon, haka ma tirela. In ka rubuta ƙaramar mota ka zo da tulin kaya a bisa, a bakin tasha za a auna a caje ka, kuma da farashin ranar. Agusta kuwa shi ne tsakiyar cunkoso, lokacin da 'yan Maroko mazauna Turai ke tururuwar zuwa gida su dawo, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ka sayi na zuwa da dawowa tun yanzu, ka zaɓi tsakiyar mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba ko tikitin yana karɓar canjin rana, domin mai arahar yawanci in ka makara ya tafi ke nan. Tun 2024 kuma Tarayyar Turai ta sa manyan jiragen ruwa cikin tsarin biyan kuɗin hayaƙi, kamfanoni suna ɗora wa fasinja, don haka ka dubi jimillar ƙarshe kafin ka biya. Tafiyar Aljesiras zuwa Tanja Med, wato babbar tashar jiragen ruwa da ke kusa da Tanja, kamar awa ɗaya da rabi ce, ba ka buƙatar ɗakin kwana.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ji wani ya ce "ai na biya kuɗin jirgi, motata ta shiga ƙasa". Tikiti ya ɗauke ka daga wannan gaɓa zuwa waccan ne kawai. Shigar mota ƙasar wasu hurumin kwastan ne, kuma kwastan ba ruwansu da abin da ka biya kamfanin jirgi. Dalilin da ya sa ba a karɓi harajin shigo da mota a hannunka ba shi ne ka yi alkawarin fita da ita. Baƙuwa ce kamar kai da bizarka: ta zo da wa'adi, dole ta koma. Wannan tsari tsoho ne, yana cikin yarjejeniyar kwastan ta 1954 kan shigar da motocin masu zaman kansu na ɗan lokaci. A Maroko wa'adin wata shida ne, kuma ana rubuta motar a kwamfuta haɗe da lambar fasfonka. Ranar da ka je filin jirgin sama ba motar, na'ura za ta nuna ka shigo da abin da ba ka fita da shi ba.

To ka ga maganar "sayar da ita a can" ta rushe. Ba ka da ikon sayar da motar da ta shiga ta wannan hanya, ko ka ba wani kyauta, ko ka bar wa wani yana ta hawa bayan ka tafi, sai an biya cikakken haraji an yi mata takardun ƙasar. Harajin tsohuwar mota yana iya cinye abin da kake tsammanin samu, ga tara a kai, ga yiwuwar a ƙwace ta. Wanda ya saya a hannunka a ɓoye ba sunansa ke cikin kwamfuta ba, naka ne. Ko lalacewa motar ta yi, ko hatsari ya rutsa da ita har ba ta moruwa, ba a barin ta a gareji a kama gaba. Sai ka kai maganar gaban kwastan su ba ka takarda.

Masu yaɗa wannan magana su ne ke ba ni haushi. 'Yan kamasho ne da ke yawo a bakin tasha da tarin takardu a hannu, ko wani da ya taɓa tsallakawa sau ɗaya ya zama malami. Za su ce maka sun san wani a ciki, za su share sunanka daga na'ura. Ranar da aka tsare ka da mata da yara a kan iyaka, ba ɗayansu da zai ɗaga waya. Rajistar motar jami'in kwastan ke yin ta a tagarsa, kai da takardunka kun isa. Kada ka miƙa wa kowa fasfo ko takardar mota in ba jami'in da ke bakin aikinsa ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan: in ba ka san dokar abu ba, ka yi shiru, domin dukiyar ɗan'uwanka ce kake wasa da ita.

Sauran abin tanadi shi ne inshora. Duba koren katinka, wato takardar inshorar mota ta ƙasa da ƙasa, ka ga ko alamar MA ta Maroko tana aiki, domin Maroko tana cikin tsarin amma kamfanoni da dama suna soke ta. In an soke, za ka sayi inshorar kan iyaka a tashar, ita kuwa wanda ka buge kawai take biya, ba ta gyara motarka. Ka tambayi kamfaninka ko yana ɗaukar ɓarnar da ta auku a cikin jirgi, saboda abin da mai jirgi zai biya a kan mota yana da iyaka a dokar teku. Ka riƙe asalin takardar mallaka. In motar ba da sunanka take ba, ko ta haya ce, ko ta bashin banki, ka nemi rubutaccen izinin mai ita tun kafin ka sayi tikiti.

Maroko ba ta neman littafin kwastan da ake kira karne, amma in wata rana ka nufi ƙasa irin Masar, sai da shi, kuma ana ajiye kuɗin jingina mai nauyi da ba ya dawowa sai an buga hatimin fitar motar. Kai dai a wannan tafiyar, ka lissafa tikitin zuwa da dawowa, inshora, mai, kuɗin babbar hanya, sannan ka ware wani abu na gyara ko na janyo motar zuwa tasha in ta tsaya. In lissafin ya fi ƙarfinka, ka ajiye ta a Sifaniya ku tsallaka a matsayin fasinjoji, ku yi hayar mota a can.