Ga mai fama da mummunan tunani a sallah

Ɗan'uwa, ka ce tunanin saɓo da batsa na faɗo maka a sallah, har kana sake alwala sau goma. Ƙanena a ƙauyenmu wajen Ringim sai ya ƙarar da buta uku kafin ya shiga sahu, don haka na san zafin abin.

Ciwon waswasi ne, likitoci na kiransa OCD. Yadda kake ƙyamar tunanin nan shaida ce ba halinka ba ne. Maimaita alwalar kuwa ƙara wa ciwon ƙarfi take.

Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau. Za a koya maka barin tunanin ya wuce ba tare da maimaitawa ba. Akwai magani irin fluoxetine, yakan kai sati 8 zuwa 12 kafin ya kama. Kada ka yanke shi da kanka. Allah ya ba ka lafiya.