Sunan Gwaggo da Kika Ci

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika zaɓi karatun jinya wasu a dangi ke cewa mai sunan malama ai aji ya kamata ta nufa, kina tambaya ko al'ada ta ɗora miki wannan nauyin.

Ba ta ɗora miki ba. Idan mutum ya yi wa wani takwara, godiya yake yi, yana kuma fatan jaririn ya ɗauko halin mai sunan. Manzon Allah (SAW) da kansa, da aka haifa masa ɗa, ya ce ya sa masa sunan babansa, wato kakansa Annabi Ibrahim. Ranar da aka raɗa miki suna, kwana 7 da haihuwarki, babanki bai yi shawara da kowa ba, domin Gwaggo ce ta riƙe shi tun yana ɗan firamare. Shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, sai Ummi. Kunyar sunan yake ji, mu ma haka.

Kin san ta da tsufa ne kawai, ba ki ga lokacin ƙarfinta ba. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika aji har wasu na zama a ƙasa, ita kuwa ba ta yarda ta bar littafin yaro ko ɗaya ba ta duba ba. Bayan isha'i za ki same ta kan tabarma da fitilar ƙwai da jan biro, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne iyayen da ke cire 'ya'ya mata daga aji biyar. Takan yi sallama, ta zauna a zaure, ta yi ta lallashin maigida har ya ji nauyinta. Wasu ta ci nasara, wasu ta dawo tana hawaye. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ranar jana'izarta matan da suka zo suna cewa "malamarmu" sun fi dangi yawa.

Ba ita ta fara ba kuma. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajiyoyi, wato mata malamai, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, har ake kiran ɗalibansu 'yan taru. Dubi yawan masu suna Asma'u a yau, ai ba duka ne malamai ba, kuma ba wanda ya ce sun ci amanar sunan.

Abin da ke kanki shi ne addu'a. Hadisi ya ce ayyukan ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ilimin ta bari da hannunta. Addu'ar ɗa kuwa, tunda ba ta bar na cikinta ba, ku ne za ku yi mata, ke a gaba. Ki riƙa sa ta a sujada, ki yi mata sadaka daga albashinki na farko, ki kuma ziyarci ƙawayenta da suka rage. In masu maganar sun sake tayar da ita, ki ce su zo su same ni. Ki gaida mamanki.

Baffanki